Yadda ake karɓo bashi ta hanyar doka, tun daga saƙon waya har zuwa zartar da hukunci

Wata rana ina zaune a bencin baya na wata kotu, ina jiran a kira shari'ar wani aminina, sai aka kira wata ƙarar bashi. Mai ƙara ya miƙe da takardar banki a hannu, ya ce: "Ranka ya daɗe, ga shaidar na tura masa kuɗin, kuma wallahi kowa ya san ina binsa." Alƙali ya duba takardar, ya ɗago ya ce: "Kowa ɗin yana ina?" Babu wanda ya zo da shi. Da aka juya kan wanda ake ƙara, ko gardama bai yi ba. Ya ce: "Ranka ya daɗe, kuɗi ya turo mini, ban musa ba. Amma jari muka haɗa, kasuwa ce ta faɗi da mu baki ɗaya."

Takardar banki ta nuna kuɗi ya tashi daga wannan asusu ya faɗa wancan, amma ba ta faɗi dalili ba. Rance ne? Jari ne? Kyauta ce? Biyan wani tsohon bashi ne? Yawancin masu bin bashi a wannan gaɓar suke faɗuwa, shi ya sa daga nan aikin yake farawa.

Fara da abin da ke hannunka

Kafin ka buga wa kowa waya, zauna ka rubuta tarihin bashin a takarda guda: ranar da ka bayar, nawa ne, ta wace hanya, wa ke wurin, yaushe aka ce za a biya, nawa aka biya daga ciki kuma a waɗanne ranaku. Sannan ka tattaro duk abin da zai goyi bayan kowane layi: takardar yarjejeniya idan akwai, bayanin asusu daga banki, rasit, saƙonnin waya, saƙon murya, sunayen waɗanda suka gani da idonsu.

Ƙa'idar da kusan duk kotunan duniya ke bi ita ce wadda malaman fiƙihu suka daɗe suna karantarwa: hujja tana kan mai da'awa. Kai ka ce kana bi, kai za ka nuna. Sauƙin da ke ciki shi ne, a ƙasashe da yawa, a shari'ar kuɗi ba a neman hujja mai ƙarfin wadda ake nema kafin a ɗaure mutum a kan laifi. Ya isa alƙali ya ga zancenka ya rinjayi na abokin shari'arka.

Abu uku kake son hujjarka ta tabbatar: cewa ka bayar, cewa da sharaɗin a mayar ka bayar, da cewa lokacin mayarwa ya yi. Na biyun ne mai wuya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan wannan take: idan za a yi bashi zuwa wani wa'adi, a rubuta, a kafa shaidu. Amma kunya takan hana, musamman tsakanin 'yan'uwa da aminai, sai a ce "haba, ai ba za mu yi haka da kai ba."

Game da saƙonnin waya: kada ka goge komai, har da waɗanda ba su yi maka daɗi ba. Hoton allon waya yana da amfani, amma wayar kanta ta fi shi, domin kotu na iya neman ta ga asalin hirar da lamba da kwanan wata. Ƙasashe da yawa suna da sharuɗɗa na musamman kan karɓar hujjar da ta fito daga na'ura. A Najeriya, misali, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ne ya tsara su. Idan za ka sauya waya, adana tsohuwar.

Idan babu rubutu, samo shi yanzu

Wannan matakin ya fi kowanne daraja, kuma da lallami ake yinsa. Muddin ba ku ɓata ba, wanda kake bi zai amsa maka magana cikin sakin jiki. Ranar da ya ji ƙamshin kotu, bakinsa zai rufe, ko labarin ya sauya. Saboda haka ka haɗiye fushinka ka tura masa saƙo mai sanyi, wanda ya ƙunshi adadi da kalmar rance, kamar haka:

"Salamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali? Ina so in daidaita lissafina ne. Rancen dubu 600 da na ba ka a watan Maris, ka biya dubu 150, saura dubu 450. Haka ne a wurinka? Yaushe kake ganin za ka iya kammalawa?"

Idan ya amsa da "Haka ne, ka ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata," to ka samu abin da mutumin nan na kotu ya rasa: ya amsa rance ne, ya amsa adadin. Ko cewa ya yi "a'a, saura dubu 400," ka ci riba, domin yanzu gardamar ta koma kan dubu 50 kawai.

Idan ka samu fuska, ka wuce nan: ku rubuta takarda, ya sa hannu, shaidu biyu su sa. Ba sai da turancin lauya ba. Cikakken suna da adireshin kowa, adadin da ya rage da lamba da kuma haruffa, ranar biya ko tsarin biya kashi-kashi, kwanan wata, sa hannu. A zaɓi shaidu waɗanda ba su da rabo a kuɗin kuma za su iya zuwa kotu idan an kira su.

Wasu sukan naɗi hirar waya a ɓoye. A yi hattara da wannan: a Jamus da jihar Kalifoniya ta Amurka, naɗar hira ta sirri ba da yardar ɗaya ɓangaren ba laifi ne. Saƙon rubutu ya fi tsafta, ba ya jawo maka wata rigimar.

Duba kalanda

Bashi a wurin Allah ba ya ruɓewa, amma damar kai ƙararsa kotu tana da wa'adi a yawancin ƙasashe. A Ingila shekara 6 ce ga bashin yarjejeniya ta yau da kullum, bisa dokar 1980. A Faransa shekara 5 ce tun gyaran da aka yi a 2008. A Jamus shekara 3 ce, ana fara ƙirgawa daga ƙarshen shekarar da haƙƙin ya tabbata. Idan wa'adin ya wuce, wanda kake bi zai iya tashi ya ce lokaci ya ƙure, kotu ta kori ƙarar ba tare da ta ko duba hujjojinka ba. Galibi ana ƙirgawa ne daga ranar da ya kamata a biya aka ƙi.

Masu taurin bashi da suka san wannan sukan yi ta jan mutum da "gobe, jibi" har shekaru su cika. Maganinsu shi ne rubutun da muka ambata: a Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta, idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani abu daga ciki kafin wa'adi ya ƙare, ƙirga tana komawa farko. Tambaya ta farko da za ka yi wa lauya ko magatakardan kotu ke nan: wa'adin shekara nawa ne a nan, kuma nawa ya rage mini?

Wa kake bi, kuma yana da abin biya?

Tambayar kamar ta raini, amma ƙararraki da dama a nan suke karyewa. Idan kamfani mai rajista ka ba kaya, kamfanin kake bi, domin doka tana ɗaukarsa mutum mai zaman kansa dabam da mai shi. Idan miji ya ci bashi, galibi ba za ka kama matarsa ko mahaifinsa ba sai idan sun tsaya masa. Shi kuma wanda ya tsaya wa wani, a nemi ya yi a rubuce. A Ingila tun dokar 1677 ba a karɓar lamunin baka. Idan wanda kake bi ya rasu, bashin yana kan dukiyar da ya bari, kuma a shari'ar Musulunci sai an fitar da bashi kafin a raba gado. Don haka ka sanar da magada ko mai kula da dukiyar da wuri, a rubuce, kafin kowa ya ɗauki rabonsa ya watse.

Sai tambaya ta biyu, wadda masu fushi ba sa son ji: in ka yi nasara, me za a karɓa? Akwai wanda ya ƙi biya yana da shi, akwai wanda ba shi da ko na abinci. Na farko kotu na maganinsa. Na biyu, hukunci a kansa takarda ce za ka ajiye a aljihu bayan ka kashe kuɗin shigar da ƙara da na lauya. A ganina irin wannan gara a tsara masa biya kaɗan-kaɗan a rubuce. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ma jinkiri ta ce a yi wa wanda ke cikin ƙunci.

Abubuwan da ke mayar da mai gaskiya mai laifi

A nan zan daɗe, domin a nan mutanen kirki suke jefa kansu rami. Kana bin mutum bai ba ka ikon shiga gidansa ka ɗauki talabijin ba, ko ka tare shi a hanya ka zare mukullin motarsa, ko ka garƙame masa shago da kwaɗonka. Da ka yi haka, an bar zancen bashi an koma zancen kutse, ko ƙwace, ko sata, kuma shi ne zai zama mai ƙara. Haka turo ƙarti su yi masa barazana, ko tsare shi a ɗaki "sai ya biya." Garin neman gira sai a rasa ido.

Na zamani shi ne tallata mutum a Facebook ko a zauren WhatsApp da hotonsa, a rubuta "ɓarawo" ko "ɗan damfara." Yana huce zuciya na dare ɗaya. Amma wanda ya kasa biyan rance ba ɓarawo ba ne a idon doka, kuma kalmar da ka rubuta tana iya zama ƙarar ɓata suna da diyyarta za ta fi bashin. Amurka ta kafa doka tun 1977 a kan kamfanonin karɓar bashi: ba su da ikon kiran mutum kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ba zagi, ba barazana, ba fallasa bashinsa ga wasu. Dokar ba kowa ta hau kansa ba, amma ma'auni ne mai kyau ga duk mai bin bashi.

Sai batun 'yan sanda. Mutane da yawa suna ganin hanya mafi sauri ita ce a sa a kulle mutum ya kwana biyu, danginsa su haɗo kuɗin. Bashi zalla shari'ar haƙƙi ce tsakanin mutum biyu. Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya hana a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alƙawarin yarjejeniya. A Najeriya dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, sashe na 8, ta hana kama mutum a kan irin wannan saɓani kaɗai. Wanda aka tsare a haka yana iya ƙarar wanda ya kai shi tare da waɗanda suka tsare shi. Inda 'yan sanda ke da hurumi shi ne idan akwai laifi na gaske: an karɓi kuɗin da ƙarya tun farko, da takardun bogi, ko an sayar maka da filin da ba na mai sayarwa ba. Wannan damfara ce, kuma ita ma sai da hujja.

Ko jingina ce a hannunka, kada ka sayar da ita da gaban kanka ranar da wa'adi ya cika. Duba abin da takardarku ta ce, ka ba shi sanarwa a rubuce, kuma idan gida ne ko fili ko mota, nemi izinin kotu ko shawarar lauya tukuna. Abin da ya haura bashinka daga kuɗin sayarwa nasa ne.

Takardar gargaɗi ta ƙarshe

Idan lallami ya ƙare, sai takarda. Gajeriya, babu zagi, babu wa'azi. Ta ƙunshi asalin bashin da ranarsa, abin da aka biya, abin da ya rage, asusun da za a biya, wa'adi bayyananne kamar kwana 14, da jimla guda: idan wa'adin ya wuce ba a biya ba, za ka kai ƙara kotu ka nemi bashin da kuɗin shari'a. Kada ka ƙara ko sisi a kan abin da kake bi, kuma kada ka ɗora kuɗin ruwa ko tarar da ba ku yi yarjejeniya a kai ba, domin ƙari ɗaya na ƙarya yana sa alƙali ya yi shakkar sauran lissafin.

Ka aika ta hanyar da za ta bar shaida: ya sa hannu a kwafinka, ko kamfanin aika saƙo ya ba ka rasit, sannan ka tura hotonta ta waya. Wasu ƙasashen sun wajabta wannan mataki. A Ingila ɗan kasuwa da ke bin mutum sai ya ba shi kwana 30 ya amsa kafin ya shigar da ƙara. Kuma abin mamaki, bashi da yawa a nan yake fitowa, musamman idan takardar ta zo da hatimin lauya.

Sulhu

Idan ya nemi a zauna, a zauna, gaban wanda ku biyun kuke jin nauyinsa ko a ofishin sulhu da kotuna da yawa suke da shi. Karɓar kashi 80 cikin 100 a wannan watan sau da yawa ya fi jiran cikakke bayan shekara biyu ana ɗage zama. Sharaɗi dai a rubuta abin da aka cimma, a sa cewa idan ya tsallake biya ɗaya duk sauran ya wajaba nan take. Idan ƙara tana gaban kotu, a kai takardar alƙali ya mayar da ita hukunci, ta yadda in ya saɓa ba sai an sake shari'a ba.

Shigar da ƙara

Je wurin magatakardan kotu da takardunka ka tambayi abu biyu: wace kotu ce ke da hurumin wannan adadi, kuma a wane yanki. Galibi ana ƙarar mutum ne inda yake zaune ko inda aka ƙulla yarjejeniyar. Tambayi ko akwai kotun ƙananan basuka, wadda aka tsara don mutum ya tsaya da kansa ba lauya. A Ingila tana sauraron abin da bai wuce fam 10,000 ba, wasu jihohin Najeriya ma sun fara buɗe irinta daga 2018. A ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wato ƙasashen Afirka da suka haɗa dokokin kasuwancinsu wuri guda, ciki har da Nijar da Kamaru da Cadi, akwai gajeriyar hanya ta neman alƙali ya ba da umarnin biya bisa takardu kawai, muddin bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne, lokacinsa ya yi. Idan wanda ake bi bai ƙalubalanta cikin wa'adi ba, umarnin ya zauna.

Za ka cike takarda, ka biya kuɗin shigarwa, ka karɓi rasit. Sai sammaci. Kada ka raina wannan: idan ba a isar da sammaci yadda doka ta ce ba, ko ka yi nasara ana iya rushe hukuncin daga baya. Ba ma'aikacin kotu adireshi sahihi da kwatance. Idan mutumin yana ɓuya, roƙi kotu ta yarda a liƙa a ƙofarsa ko a isar ta wata hanyar.

Ranar zama ka zo da wuri, da asalin takardu da kwafi uku, a jere bisa kwanan wata. Shaidunka su zo da ƙafarsu. Yi wa alƙali magana, kada ka juya kana cacar baki da abokin shari'a, kuma ka tsaya kan ranaku da adadi. Tarihin yadda ka taimake shi lokacin bikinsa da yadda ya yi maka butulci ba ya cikin abin da za a auna. Idan ya ƙi zuwa bayan an tabbatar sammaci ya same shi, kotu na iya yanke hukunci a bayan idonsa.

Hukunci ba kuɗi ba ne

Ranar da alƙali ya ce ka yi nasara, babu wanda zai miƙo maka jaka. Idan wanda aka yanke wa bai biya ba, kai za ka koma ka nemi a zartar. Hanyoyin da aka fi bi uku ne. Kotu ta umarci bankinsa ya riƙe abin da ke asusunsa ya biya ka. Shi ya sa lambar asusun da ka tura wa kuɗin tun farko take da daraja. Ko ta tura ma'aikatanta su rubuta kayansa a yi gwanjonsu, ban da abin da doka ta keɓe kamar tufafi, shimfiɗa da kayan sana'ar da yake ci da su. Ko a riƙa yankar wani kaso daga albashinsa. Idan yana da gida ko fili, ana iya ɗora bashin a kansa, sai dai wannan hanya ce mai tsawo. A duk cikinsu ma'aikatan kotu ne ke taɓa kaya, kai naka nuni da haƙuri. Shi ma hukuncin yana da wa'adin zartarwa, kuma wanda aka kayar yana da 'yan kwanakin ɗaukaka ƙara, don haka tambayi duka biyun tun a ranar.

Duk abin da ya biya, ko kaɗan ne, ba shi rasit mai kwanan wata da ragowar da ta saura, ka riƙe kwafi. Ranar da ya cika, rubuta masa takardar cewa ba ka binsa komai, ka mayar masa da jinginarsa da takardar da ya sa wa hannu, sannan ka sanar da kotu a rubuce domin a saki asusunsa a rufe fayil.